Kawun da Ya Zazzage Ledar Magani

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya ranar wata Talata da hantsi, a gonarsa ta wajen Sheda. An same shi zaune a gindin mangwaro, fartanya a gefe, kamar wanda ya tsaya ya huta. Wan mahaifiyarmu ne, kuma nas ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a sashen masu taɓin hankali na wani asibitin gwamnati kafin ya ajiye aiki ya kama noma.

A gidan Umma aka yi zaman makoki, bayan kasuwar Utako, domin matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa biyu kuma suna nesa. Ni aka ajiye a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, ina kallon yadda mutane ke laluben abin da za su ce. Dangi sai su ce, "Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gaskiya," su yi shiru. A danginmu idan aka ce mamaci mai gaskiya ne aka tsaya a nan, to babu wanda bai taɓa gaya wa abin da ba ya son ji ba. Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya ƙara da cewa, "Ba ya tauna magana," sannan ya shiga gyara zaman hularsa.

Baƙin da ba mu sani ba su ne bakinsu ya buɗe. Wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono, ta tsuguna nesa da tabarmar maza, ta ce shi ya riƙa raka ta asibiti da ɗiyarta tun daga ruga, ba ta taɓa jin ya ce ya gaji ba. Wani maigadi daga Maitama, Kirista mutumin Filato, ya cire hularsa ya tsaya a gabana.

"Oga, wannan baba ba shi da wasa," in ji shi. "Matana yana shan magani kala biyar. Ya ce in kawo duka ya gani. Ya yi mini faɗa sosai-sosai, kamar ni ne na rubuta. Yanzu matana yana sayar da doya a kasuwa."

Na amsa masa da kai. Hankalina ba ya kan masu gaisuwa, yana cikin gida wajen autanmu. Auta ya haura shekara talatin, yana da ciwon ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira sikizofiriniya, kuma shekara biyar ke nan Kawu ne kaɗai yake tsaye tsakaninsa da alherin danginmu. Yanzu Kawu ya kwanta dama. Ban san ko akwai wanda zai iya tsayawa a wurin ba, na dai san ba ni ba ne.

Ba zan ce na ƙaunaci Kawu yadda ake ƙaunar kawu ba. Tsoronsa na ji, wani lokaci haushinsa. Bai iya hira ba, bai iya biki ba, idan ya zo suna sai ya ci abinci ya tashi. Yana da tsohon gilashi mai hannu ɗaya, ɗayan hannun ya ɗaura masa zare, da shi yake karanta duk takardar da ke cikin kwalin magani, har da ƙananan rubutun da kowa ke yarwa. Idan aka ce "mahaukaci" a gabansa, sai ya waiwaya ya ce, "Wa ke nan? Ubansa bai yanka masa rago ba?" Idan kuma aka ce mara lafiya ya samu sauƙi tunda ya yi shiru, amsarsa ɗaya ce: "Maƙabarta ma shiru take."

Ciwon Auta ya fara ne yana shekarar ƙarshe a makaranta. Ya ce rediyon maƙwabta zancensa take yi, ya daina cin abincin da bai ga an dafa ba. Rannan ya fita, sai bayan kwana biyu aka tsince shi a hanyar Gwagwalada ba takalmi. Aka kai shi asibiti, likita ya rubuta ƙwaya ɗaya. Da a nan muka tsaya, da wannan rubutun bai yi tsawo ba.

Amma mu mutane ne masu zumunci. Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ke aure a Maitama, ta ga mako uku sun wuce bai warke ba, ta aiko direba aka kai shi wajen likitanta. Ta ja wa Umma kunne kada a ce an taɓa zuwa wani asibiti, wai likita ba ya son ya ji shi ne na biyu, kuma a rufa wa yaro asiri kada a ce ciwon ya daɗe. Aka yanki sabon kati, aka ba da labari kamar jiya abin ya fara. Baffa ya ga Gwaggo ta yi nata, ya ce shi ma ba baƙo ba ne a gidan. Ya kai shi wajen wani likitan, da sabon kati da sabon labari, aka sa masa allurar wata-wata. Ni ma ban zauna ba. Na je wajen wani abokina mai kemis, na ce ƙanina ba ya barci, ya ba ni wata ƙwaya mai ruwan goro.

Umma ta haɗa su duka a baƙar leda, tana ba shi duka. Ba jahilci ba ne, ta yi karatu har ta koyar. Amma a wurinmu wanda ya kawo magani ya kawo ƙauna, idan ka ajiye nasa ka ce ba ka son shi ke nan. Gwaggo takan bugo waya ta ce, "An ba shi nawa?" Baffa yakan zo da kansa ranar allura. Umma kuwa ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma iya cewa a'a ga dangin miji ba, balle bayan mahaifinmu ya rasu.

Shekara uku Auta ya yi a haka. Ya daina zancen rediyo, ya daina fita, ya daina komai. Ya yi ƙiba, wuyansa ya sanƙare, yawu na zuba a ƙirjin rigarsa, idan ya ɗauki cokali sai rabin miyar ta zube kafin ta kai baki. Aka ƙara masa wata ƙwayar don rawar hannun. Mu kuwa muna ta godiya ga Allah, gida ya yi sanyi. A duk tsawon lokacin Kawu yana can arewa wurin aiki, Umma kuma ta ɓoye masa, don ta san halin wanta.

Ranar da ya gani, washegarin babbar Sallah ce, gida cike da dangi ana suyar nama. Bai daɗe da komowa Sheda ba. Ya shigo, ya gaisa da mutane sama-sama, idonsa na kan Auta da ke zaune a kusurwa.

"Auta, tashi ka je bakin ƙofa ka dawo."

Auta ya tashi da ƙyar. Ya tafi yana jan ƙafa, hannuwansa a manne da jiki ba sa motsi. Kawu ya bi shi da kallo har ya dawo, sannan ya juya wajen Umma.

"Kawo mini abin da yake sha."

"Yaya, ka bari a ci abinci tukuna."

"Kawo."

Ta kawo ledar. Ya jawo farantin da aka zubo masa nama, ya juye naman a wani kwano, ya goge farantin da gefen babbar rigarsa, ya zazzage ledar a kai. Ya sa gilashinsa. Ya ɗauki lokaci yana karantawa yana warewa. Da ya gama, kashi huɗu ne a gefe ɗaya, ɗaya a ɗaya gefen.

"Waɗannan huɗun aikinsu ɗaya ne," in ji shi. "Sunan ne kawai ya bambanta. Wannan na biyar kuma an ba shi ne don ya gyara ɓarnar huɗun. Wane likita ne ya rubuta su tare?"

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Akuya ɗaya kuka ɗaure, ku huɗu, kowa da igiyarsa, kowa na ja gefensa. Sannan kuna murna ba ta shiga gonar mutane."

Gwaggo ta gyara mayafi. "Malam, kai fa nas ne, ba likita ba. Nawa likitan a waje ya yi karatu."

"Gaskiyarki, Hajiya, nas ne ni. Shi ya sa ko ƙwaya ɗaya ba zan cire da hannuna ba, kuma kada wanda ya kuskura ya tsayar masa da su rana ɗaya, sai ya fi da lalacewa. Amma likitanki ya san da allurar ƙaninki Alhaji?"

"Ba a gaya masa ba."

"To a waje ya yi karatu, ba a wajen masu duba ba."

Gwaggo ba ta ci naman Sallar nan ba. Shekara biyu ba ta amsa gaisuwarsa, shi kuma bai fasa gaishe ta ba, bai kuma taɓa ba ta haƙuri ba.

Ranar da aka koma aiki ya sa ni gaba, ni ne mai riƙon leda da katuna uku, muka kai Auta wajen likita ɗaya. Mace ce, ba ta kai babbar 'yarsa a shekaru ba. Kawu ya ƙi zama sai da ta ce ya zauna, yana ta kiran ta "ranki ya daɗe". Ya jera mata komai a tebur, ya faɗi wanda ya kawo kowanne da lokacin da aka fara. Da ya zo kan mai ruwan goro, ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan na ɗan boko ne." Likitar ta daɗe tana duba katunan. Ta sa aka auna jininsa da bugun zuciyarsa, aka samu sukari ya fara hawa. Ta ce za a riƙa janye su ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, abin zai ɗauki watanni, kuma daga ranar ba wanda zai ƙara masa ko da maganin mura ba tare da ta sani ba.

A mota Kawu ya ce da ni, "Magani biyu ba haramun ba ne. Amma sai wanda ya rubuta na biyu ya san da na farko, kuma ya iya faɗin dalilinsa."

Wata na huɗu abin ya juya. Hannun Auta ya daina rawa, ya fara aske gemunsa da kansa, sai kuma muryoyin da yake ji a da suka dawo. Ya kulle kansa a ɗaki, ya ce an sa masa na'ura a cikin fanka. Saura mako shida ɗaurin aurena, dangin amarya na ta zirga-zirga a gidan. Na hau mota na tafi Sheda a fusace, na same shi yana ɗaure wa doya sanda.

"Kawu, da fa yaron nan yana zaune lafiya."

"Zaune dai."

"Yanzu me za mu ce wa mutane?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ciwon ƙaninka ne ya dame ka, ko surukanka?"

Ya san amsar. Na ji kunya, kuma na ji haushinsa fiye da kunyar.

A makon nan Umma ta tono ragowar maganin Gwaggo ta riƙa ba Auta a ɓoye. Kawu ya zo ranar Juma'a, ya ga yadda yaron ke ɗaga kofi, ya gane. Na zaci gidan zai kama da wuta. Sai ya zauna kusa da ƙanwarsa a kan tabarma.

"Kin gaji," in ji shi.

"Yaya, tsoro nake ji. In ya sake fita fa? Wancan karon Allah ya sa an tsince shi."

"To ba ni shi."

Ya kira likitar ya gaya mata abin da ya faru, bai rage ba bai ƙara ba. Sannan ya haɗa wa Auta kaya ya tafi da shi gona. Wata biyar suka yi tare a ɗaki biyu. Mutumin da 'ya'yan cikinsa suka ce bai taɓa dafa musu shayi ba, shi ne yake dama wa Auta kunu da safe. Ya ba shi kiwon kaji. Idan Auta ya ce ana magana a cikin rijiya, Kawu ba ya musa masa, ba ya kuma gaskata shi, sai ya ce, "Ni ban ji ba. Me suke cewa?" Bai zo bikina ba, Auta ma bai zo ba, an yi lafiya an watse lafiya, kuma har yau ban san yadda zan ji game da hakan ba.

Shi ma ya yi kuskure, kada a ɗauka waliyyi nake rubutawa. Ya kafe a kan cewa magani ɗaya ya isa kowa. Da aka sauko zuwa ɗaya aka daɗe, aka canja wani aka sake jira, muryoyin suka ƙi lafawa, likitar ta ce za ta ƙara na biyu, ɗan kaɗan, ta rubuta dalili da ranar da za a sake dubawa. Kawu ya yi gardama da ita har ya manta da "ranki ya daɗe". Ta saurare shi ta gama, ta rubuta abinta. Bayan wata biyu Auta ya fara barci, ya fara karanta jarida. Kawu ya ɗebi doya mafi kyau a gonarsa ya kai mata. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Yarinyar nan ta fi ni gani," ya canja zance.

Nasa maganin hawan jinin kuwa sai ya ga dama yake sha. Idan Umma ta yi masa magana ya ce ya fi ta sanin jikinsa. Bayan rasuwarsa mun samu kwalaye uku a ƙarƙashin katifa ba a ko ɓare su ba. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Auta bai warke ba, kuma Kawu bai taɓa ce mana zai warke ba. Har yanzu wani lokaci yakan ji muryoyin, yana cewa sun koma can nesa. Amma yana gyaran waya a wata rumfa cikin kasuwar Utako, aikin da ke son hannu mai natsuwa. Katinsa ɗaya, likitarsa ɗaya, shi yake shan maganinsa da kansa. Duk dangin da ya zo da wani sabon abu a leda, Umma takan ce, "Bari in tambayi Yaya," sai maganar ta mutu a nan. Da sunansa take fakewa.

Ranar jana'iza Auta ya ɗauki makara tare da mu, ya shiga kabari ya karɓe shi, bai ce uffan ba. Washegari ma haka, yana raba wa baƙi ruwa. Sai ranar uku, bayan an shafa addu'a mutane sun ragu, wajen azahar, muka ji sauti daga ɗakin Umma. Na shiga na same shi zaune a ƙasa, ya jingina da gado, yana kuka da ƙarfi, irin kukan da ba a saba jin namiji babba yana yi ba.

Kafin ka ce kwabo ɗakin ya cika. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa tana salati.

"Na faɗa, abin zai tashi," in ji ta. Ta buɗe jaka ta ciro wani kwali. "Dama na ajiye saboda irin wannan rana. A ba shi biyu ya kwanta."

Baffa ya ce shi a ganinsa a kira mai allura. Wata ta ce a rufe ƙofar gida kada ya fita. Umma ta waiwaya hagu da dama, na san wanda take nema. Sai idonta ya sauka a kaina. Ina so in rubuta cewa na yi magana. Ban yi ba. Na tsaya ina kallon kwalin, har a raina ina cewa ƙwaya biyu ai ba za su kashe shi ba.

Gwaggo ta ɓallo biyu ta sa wa Umma a tafin hannu. Aka miƙo ruwa a kofi. Umma ta durƙusa a gabansa.

"Auta, daure ka sha, ka samu ka huta."

Ya share fuska da hannun riga, ya dubi ƙwayoyin, ya dube ta.

"Umma, na sha nawa da safe. Ba muryoyin ba ne. Ba na jin kowa."

"To mene ne?"

"Kawuna ne ya mutu."

Ya ja numfashi ya ci gaba.

"Da Baba ya rasu kun ce da ni aka je maƙabarta. Kun ce har ƙasa na zuba. Wallahi Umma ban san an yi ba. Sai da na je gona na tambayi Kawu ina Baba. Don Allah wannan ku bar ni in san an yi."

Umma ta daɗe a durƙushe. Sannan ta miƙe, ta ajiye kofin a kan tebur, ta taka har bakin ƙofa. Ta kama hannun Gwaggo, ta juye mata ƙwayoyin a ciki, ta naɗe mata yatsu a kai.

"Hajiya, mun gode. Allah ya bar zumunci."

Ba ta jira amsa ba. Ta koma ta zauna a ƙasa kusa da ɗanta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun ranar Talata ita ma ba ta yi kukan wanta ba. Na fitar da mutane, na ja musu ƙofa, na koma waje kan tabarma. Ina jin su su biyu har aka kira la'asar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kaifin harshensa, ya sa ya huta.